Shatar Jirgin Ruwa ko Jirgin Haya: Wanne Ya Dace da Yini Guda a Tsibiri?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tashar jiragen ruwa da sanyin safiya, yana hangen tsibiri can a tsakiyar teku, ya san yadda zuciya take rabuwa biyu. A gefe guda ga babban jirgin fito ya buɗe ƙofa, mutane sun ja layi da tikiti a hannu. A ɗaya gefen ga ƙananan jirage farare an ɗaɗɗaure su a jere, masu su na yafito ka, suna cewa yau jirgin naka ne kai da iyalinka, inda ka nuna nan za a nufa. Maganar tana da daɗin ji. Sai dai da yawa daga masu ɗaukar shata suna biyan kuɗin abin da ba su buƙata, wasu kuma suna ƙin shata don tsimi, su ƙarar da yininsu a layi da cunkoso, su dawo ba su ga abin da ya fito da su ba.

Hanyoyin zuwa tsibiri na yini guda huɗu ne. Akwai jirgin fito mai lokacin tashi da lokacin dawowa, wanda zai sauke ka a tasha ya bar ka da ƙafarka. Akwai jirgin yawon buɗe ido na haɗaka, inda kowa ke biyan kuɗin kujerarsa, ku mutum goma sha biyu ko arba'in, a zagaya da ku wuraren da aka riga aka tsara. Akwai shatar jirgi da matuƙinsa. Sannan akwai hayar jirgi ba matuƙi, ka karɓi makulli ka tuƙa da kanka. A ganina, tambayar da za ta raba gardama ba ta kuɗi ba ce tukuna. Abin da kake son gani, a tudu yake ko a ruwa?

Ɗauki tsibirin Kapri na Italiya. Idan burinka ka hau cikin gari, ka shiga kujerar da ke tafiya a kan waya daga Anakapri zuwa ƙololuwar dutsen Solaro mai tsawon mita 589, ka je ka ga kangon fadar sarki Tiberiyus, to shata ba ta da abin da za ta ƙara maka. Jirgin fito mai gudu yana zuwa daga Sorento cikin kamar minti 25, daga Napoli kuma ƙasa da awa guda. Wanda ya ɗauki shata don wannan, jirginsa zai yini a ɗaure yana jiransa, shi kuma yana biyan kuɗin jira. Amma idan burinka ka zagaye tsibirin ta ruwa, ka ratsa ta ƙarƙashin ƙofar dutsen Faraliyoni, ka tsaya a lungun da babu hanyar ƙafa zuwa gare shi, a jefa anga yara su yi iyo awa guda ba mai busa musu usur, to jirgin fito ba zai taɓa ba ka wannan ba. A nan ne shata take cin sunanta. Kuma ko a nan ɗin, kada ka ɗauka kuɗinka zai buɗe maka kowace ƙofa. Akwai wani shahararren kogo mai ruwa shuɗi a gaɓar tsibirin, tsayin bakinsa bai fi kamar mita guda ba, ƙananan kwale-kwalen hannu ne kaɗai ke shiga, fasinja na kwance rigingine. Mai shata da mai haɗaka duk layi ɗaya suke bi a bakin kogon, in teku ta ɗan motsa kuwa a rufe shi ga kowa.

Jirgin fito yana da wata falala da ba a cika faɗa ba: girma. Jirgi mai ɗaukar ɗaruruwan mutane yana ratsa igiyar ruwan da za ta hana ƙaramin jirgi fita, yana da banɗaki, yana da kujera a inuwa, hukuma kuma tana binciken lafiyarsa a kai a kai. Mai tafiya da tsohuwa, ko mace mai ciki, ko jariri, ya fara duba wannan hanya kafin ya duba wata. Aibinsa ɗaya ne babba: kowa da kowa a lokaci guda yake sauka, kuma in ka makara jirgin ƙarshe ya tashi, kwanan tsibiri ya kama ka.

Jirgin haɗaka shi ne tsaka-tsaki, kuma ga mutum ɗaya ko biyu kusan kullum shi ne zaɓin hankali. Za ka ga gaɓar tsibirin ta ruwa, za a tsaya iyo sau biyu ko uku, da kuɗin da bai kai rubu'in na shata ba a galibin wurare. Abin da ka rasa shi ne agogo. Minti arba'in aka ba ku a wuri, to minti arba'in ne, ko da a lokacin ne ɗanka ya fara sakin jiki da ruwa. Kuma da yake duk kamfanoni kusan lokaci ɗaya suke kwasar baƙi daga masauki, lokaci ɗaya suke isa wuraren da suka yi suna, sai ka tarar da jirage ashirin a lungun da hoto ya nuna maka ba kowa. Idan za ka bi wannan hanya, tambayi adadin mutanen da jirgin ke ɗauka. Tsakanin jirgin mutum goma da na mutum hamsin akwai nisa sosai, ko da hanyarsu ɗaya ce.

Lissafin shata yana juyawa ne da yawan kai. Kuɗin jirgi ake biya, ba na kujera ba, saboda haka mutum biyu da mutum takwas abu guda za su biya, ko kusan haka. Ka raba kuɗin shatar da yawanku, ka kwatanta da kuɗin kujerar haɗaka. In kun kai shida zuwa takwas, sau da yawa za ka ga tazarar ta tsuke har ta zama ba ta taka kara ta karya ba, kuma a wannan gaɓa ni dai shata nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Amma fa kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne ƙarshen zance ba, kuma a nan ne ake yawan samun saɓani a bakin ruwa da yamma, kowa ya gaji.

Man fetur shi ne babban abin da ke ɓoye. Masu jirage suna da wani lissafi na kusa-kusa: injin fetur da ake ratayawa a bayan jirgi, mai ƙarfin doki 200, in aka sake masa wuta gaba ɗaya yana shan kamar lita 75 a awa. A gudun matsakaici yakan sauko zuwa kusan rabin haka. In inji biyu ne, ka ninka. To ka ga tsibirin da ke da nisa, in an ce kuɗin mai daban, zai iya ƙara maka wani kaso mai tsoka a kan abin da ka shirya. Ka tambaya tun a waya, a rubuto maka: mai yana ciki ko baya ciki? In yana ciki, na nisan ina zuwa ina? In baya ciki, da me za a auna, da awar inji ko da cika tanki a gabanka? Bayan mai akwai kuɗin ɗaure jirgi a tashar tsibirin, da kuɗin shiga in wurin gandun da hukuma ke karewa ne, da harajin sauka a wasu tsibiran, da tukuicin matuƙi da yaronsa. Wasu kamfanonin ma kuɗin matuƙin daban suke rubutawa. Sai kuma awa: “yini guda” a bakin masu shata yawanci awa bakwai ne ko takwas, “rabin yini” awa huɗu, kuma ƙidayar tana farawa ne daga lokacin da aka rubuta, ba daga lokacin da na ƙarshenku ya iso ba.

Wannan maganar awa ita ce take kai mu ga irin jirgin da za a ɗauka, kuma nan ne nake so a tsaya a yi lissafi da biro. A teku da mil na teku ake auna nisa, kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. A ce tsibirin yana da nisan mil 12, wato kilomita 22 da ɗoriya. Jirgi mai gudu da ke cin mil 24 a awa zai kai ku cikin minti 30. Jirgin katako na gargajiya mai inji a ciki, wanda ke tafiya mil 8 a awa, zai ɗauki awa ɗaya da rabi. Jirgi mai filafili da ke tafiya mil 6 zai ɗauki awa biyu, wato zuwa da dawowa sun cinye rabin yinin da ka biya. Wanda tafiyar ce abin marmarinsa, ya ji an kashe inji, iska ta cika ƙyalle, ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa a jikin jirgi, wannan bai yi asara ba. Wanda tsibirin ne a ransa, ya yi.

Amma gudu yana da nasa farashin da jiki ke biya. Ƙananan jirage masu gudu, musamman irin masu robar da aka hura a gefe, ba ratsa igiyar ruwa suke yi ba, hawa kanta suke su faɗo. Da safe, teku a kwance kamar tabarma, daɗi ne zalla. Na taɓa ɗaukar irin wannan jirgi mu bakwai, har da kawuna mai fama da ciwon baya. Da za mu dawo wajen ƙarfe huɗu na yamma, iska ta taso. Kawu ya zauna a can gaba don ya fi ganin hanya, ni kuma ban san in hana shi ba, matuƙin bai ce komai ba. Duk sanda hancin jirgin ya ɗaga ya dawo ya maki ruwa, sai in ga ya runtse ido ya danne kujera da hannu biyu. Bai yi ƙorafi ba, dattijo ne. Sai da na taɓa kafaɗar matuƙin na ce ya rage wuta, muka lallaɓa muka dawo da shi kujerar baya kusa da inji. Tafiyar rabin awa ta zama awa guda da kwata, muka iso a jiƙe sharkaf, shi kuma ya yi kwana uku bai miƙe sosai ba. Daga baya na fahimci cewa wannan sanannen abu ne: gaban jirgi mai gudu shi ya fi dukan ƙashin baya, har akan samu waɗanda ƙashin ya tsage. Tsoho, da mai ciki, da mai ciwon baya, da ƙaramin yaro, wurinsu baya ne, in ma dole ne su shiga irin wannan jirgi.

Jirgi mai gindi biyu, wanda ake kira katamaran, shi ne ya fi sauran kwanciyar hankali ga iyali mai manya da yara. Faɗinsa yana hana shi tangaɗi gefe da gefe, ba ya kishingiɗa kamar mai filafili mai gindi ɗaya, yana da rumfa da banɗaki da filin da yaro zai motsa, kuma cikinsa bai nutse sosai ba, saboda haka yana matsowa kusa da gaɓa. Ya fi tsada, kuma in na filafili ne ba shi da sauri. Jirgin katako na gargajiya, irin gozo na gaɓar Italiya ko jiragen larabawa na gabashin Afirka, yana tsakani: nauyinsa yana sa shi tafiya a natse, amma wasu ba su da banɗaki, wasu inuwarsu ba ta isa kowa ba.

Kada ka raina waɗannan abubuwa uku: inuwa, banɗaki, da tsani. Awa takwas a kan ruwa, rana na duka daga sama, ruwa na dawo da haskenta daga ƙasa, iska kuma na ruɗin ka da sanyi har ba ka jin ƙuna sai dare ya yi. Banɗaki kuwa ba sai an yi bayani ba, musamman ga mata. Tsani shi ne wanda ba a tunawa sai an shiga ruwa. Faɗawa teku abu ne mai sauƙi, komawa cikin jirgi shi ne aiki, kuma mutum mai jiki ba zai iya hawa tsanin da matakinsa biyu kacal ke cikin ruwa ba. Ka nemi a turo maka hoton ainihin jirgin da za a ba ka, da sunansa ko lambarsa, ba hoton “irinsa” ba.

Game da jiri da amai, ga abin da aka tabbatar yana taimakawa: a sha magani tun kafin a shiga jirgi, da kamar awa guda ko yadda takardarsa ta ce, domin in zuciya ta fara tashi ya makara. A zauna tsakiya ko baya, a waje cikin iska, a kafa ido can inda sama ta haɗu da teku. A bar kallon waya, a guji shiga ɗakin ƙasa, a nisanci hayaƙin inji. A nan shata ta fi haɗaka nesa ba kusa ba, domin in ɗayanku ya galabaita, kana iya cewa a juya, ko a fake a bayan tsibiri inda ruwa ya lafa. A jirgin mutum arba'in ba mai juyawa saboda mutum ɗaya.

Iska ita ce mai yanke hukunci a kan duk waɗannan, ba kai ba, ba kamfani ba. A mafi yawan gaɓar teku, a lokacin zafi, safiya takan yi lumui, sannan ƙasa ta ɗumama, iska ta fara busowa daga teku kafin azahar, ta yi ƙarfi da la'asar. Shi ya sa dawowa ta fi zuwa wuya, kuma shi ya sa babbar ribar mai shata ita ce sammako: ka tashi da bakwai, ka riga jiragen haɗaka isa, ka juyo kafin teku ta fusata. Yana da kyau ka san ma'aunin iska na Bofot, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya, Francis Beaufort, ya tsara a 1805, mai mataki daga 0 zuwa 12. A mataki na 3 za ka ga farin kumfa jefi-jefi, tafiya lafiya lau. A mataki na 4, iskar mil 11 zuwa 16 a awa, kumfa ta yawaita, igiya ta kai kamar mita guda, ƙaramin jirgi ya fara jijjiga mutane. A mataki na 5, mil 17 zuwa 21, igiya kan kai mita biyu, kuma wannan ba ranar fita da iyali a ƙaramin jirgi ba ce. Kowace teku kuma da lokacinta. A tsibiran Girka iskar arewa da suke kira meltemi takan yi kwanaki tana busawa a Yuli da Agusta, har manyan jirage su fasa tashi. A Zanzibar iskar kusi mai zuwa daga kudu, daga wajen Afrilu zuwa Satumba, ta fi iskar kaskazi ta ƙarshen shekara zuwa wajen Maris ƙarfi. A Tailan ana rufe tsibiran Similan gaba ɗaya daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba.

Ranar 5 ga Yulin 2018, wani jirgin yawon buɗe ido mai suna Phoenix ya kife a kusa da Fuket ta Tailan yana dawowa daga tsibiri da yamma, guguwa ta same shi. Mutum 47 suka rasu, baƙi ne daga Sin, kuma an riga an fitar da gargaɗin yanayi. Ba ƙaramin kwale-kwale ba ne, jirgi ne mai hawa biyu. Ina kawo wannan ne domin akwai wani haɗari da ya keɓanta da shata: kai ne mai kuɗi, matuƙi yana so ya faranta maka, kai kuma gobe za ka bar garin, ka riga ka biya kafin alƙalami, yara sun ɗokanta. Duk waɗannan suna tura ku cikin ruwa. A jirgin fito ba wanda zai tambaye ka, hukumar tasha ta ce ba fita, shi ke nan. A shata kuwa sai an dace da matuƙin da zai iya kallon idonka ya ce a'a.

Saboda haka nake cewa a zaɓi matuƙi kafin a zaɓi jirgi. Akwai wani da na taɓa fita da shi wanda har yau nake auna sauran da shi. Kafin ya kwance igiya sai ya ƙirga mu da yatsa, ya buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kujera, ya fito da rigunan ceto ɗaya bayan ɗaya. Ya durƙusa ya sa wa ƙaramar 'yarmu nata da hannunsa, ya ja maɗaurin da ke ratsa tsakanin ƙafafu, ya kama kafaɗun rigar ya ɗaga don ya ga ko za ta zame ta kanta. Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Maigida, zo in nuna maka. In wani abu ya same ni, ga oba-oba, tasha ta 16, ka danna nan ka yi magana, ka karanta musu lambobin da ke kan wannan allo.” Ya ɗaura jar igiyar kashe inji a cinyarsa, sannan ya tayar. Duka bai fi minti biyar ba. Wannan jar igiya ƙaramar aba ce, amma in matuƙi ya faɗa ruwa ita ke kashe inji nan take. A 2013 a Padstow ta Ingila, wani jirgi mai gudu ya watsar da iyali guda a ruwa, ba a ɗaura igiyar ba, jirgin ya yi ta kewaye su ba kowa a ciki, farfela ta kashe uba da 'yarsa.

Abubuwan da za ka tambaya kafin ka biya ba su da yawa. Matuƙin yana da lasisin ɗaukar fasinja na kuɗi? Jirgin yana da rajistar haya da inshorar da ta shafi fasinja? Mutum nawa doka ta yarda ya ɗauka? A Amurka, alal misali, jirgin da hukumar tsaron gaɓa ba ta yi wa cikakken bincike ba yawanci fasinja shida kawai aka yarda ya ɗauka. Akwai rigar ceto daidai jikin yara, ko ta manya ce kawai? Inji ɗaya ne ko biyu, in ɗaya ne kuma nisa ya yi, wa zai zo ja in ya mutu? Sannan babbar tambaya: in yanayi ya ɓaci, wa ke yanke hukuncin fasawa, kuma kuɗina zai dawo ko rana za a sauya min? Kamfanin da ya ce kafin alƙalami ba ya dawowa ko da iska ce ta hana fita, ya riga ya sa ka a kwanar da za ka matsa a fita. Ka bar shi. Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi, shi ma ka bar shi. Dillalin da ya tare ka a bakin rairayi da farashi mai sauƙi yana iya haɗa ka da mutumin kirki, amma ba shi ne zai tuƙa ba, ka nemi ganin mai tuƙin da jirgin ido da ido. Araha ba ta ado.

Saura hanya ta huɗu, ka tuƙa da kanka. Ƙasashe da dama sun yarda a ba wanda ba shi da lasisi ƙaramin jirgi: a Girka har ƙarfin doki 30, a Italiya har kamar 40 matuƙar ba ka wuce mil 6 daga gaɓa ba. Faransa tana neman lasisi da zarar inji ya haura doki 6, Kuroshiya ma tana nema. Ta fi shata da matuƙi araha, kuma akwai daɗi a ciki. Amma halaccin doka daban, iyawa daban. Bayanin minti goma a bakin tasha ba zai koya maka karanta launin ruwa don gane dutsen da ke ɓoye ba, ko yawan igiyar da za ka saki don anga ta kama, ko yadda ake ɗaure jirgi iska na tura shi kan na wani. Jirgi ba shi da birki. Kuma yawancin inshorar irin wannan haya ba ta biyan farfela da ƙasan jirgi, su ne kuwa sabon shiga ke fara lalatawa, sai a cire daga kuɗin ajiyarka. Ga bin gaɓa a lungu mai kwanciyar ruwa, da safe, mutum biyu ko uku da suka iya iyo, ba laifi. Ga tsallaka buɗaɗɗiyar teku zuwa tsibiri da yara a ciki, ban yarda da ita ba ga wanda bai saba ba. In ka yi ta duk da haka, riƙe ƙa'idar masu jirgi ta raba mai kashi uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓawa. Kuma a kashe inji ɗungurum duk lokacin da wani ke cikin ruwa.

Matuƙin gari ya san abin da taswirar waya ba za ta faɗa maka ba, musamman cikowa da janyewar teku. A yawancin gaɓoɓi ruwa yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50, saboda haka lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, kuma ya fi ƙarfi lokacin sabon wata da daren sha huɗu. A Bahar Rum bambancin kaɗan ne, ba a cika damuwa da shi ba. A Zanzibar yakan kai mita uku zuwa huɗu. Tudun rairayin Nakupenda da ke gaban tsohon birnin yana bayyana ne in ruwa ya janye, ya kusa ɓacewa in ya ciko, don haka mai son haɗa shi da tsibirin Changu, inda manyan kunkuru suke, dole ya tsara wanne zai fara zuwa bisa jadawalin ruwa na ranar. Jirgin haɗaka yana da tsayayyen lokaci, mai shata yana iya bin ruwan.

Haka nan dokokin kare wurare sun ƙaru, kuma suna hawa kan mai shata kamar kowa. An rufe mashigin Maya na tsibirin Fifi da ke Tailan a Yunin 2018 saboda jirage da cunkoso sun kashe murjanin wurin, aka sake buɗewa a Janairun 2022 da sharaɗin jirgi ba ya shiga mashigin, ta baya ake sauka a taka, kuma ba a iyo. A tsibiran Baliyarik na Sifen, tun 2018 doka ta hana jefa anga a kan ciyawar teku ta fosidoniya, wadda ke daɗewa ƙwarai kafin ta sake tsirowa in an tumɓuke ta, akwai masu sintiri da tara. Mai hayar kansa da bai san wannan ba, shi tarar za ta hau. Matuƙin da ya ce maka zai kai ka inda aka hana, “ba wanda zai gani”, ya nuna maka yadda yake ɗaukar sauran dokoki ke nan, har da waɗanda ke kare ranka.

In ka tsayar da shawara a kan shata, kada ka ajiye ta a ranar ƙarshe ta zamanka. Sa ta a rana ta biyu, don in iska ta hana a samu inda za a matsar. Da yammacin jajiberi ka kira matuƙin da kansa, ba ofis ba, ka tambaye shi me yake gani game da gobe, daga ina iska za ta buso, wane gefen tsibirin zai lafa, ƙarfe nawa yake so ku baro can. Ka gaya masa shekarun babba da ƙaramin cikinku, da waɗanda ba su iya iyo ba. Sannan ka bar wa wani da ke kan tudu sunan jirgin, da lambar matuƙin, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku.